Masu sharhi sun yabi kundin Mitski, ni kuwa waƙa ɗaya kawai na so. Laifin kunnena ne?

Tambayar ta fito daga wata ɗaliba da ke karatu a Samaru. Ga ta a taƙaice: ta ji waƙar "My Love Mine All Mine" ta Mitski a TikTok, waƙar ta shiga ranta, sai ta nemo kundin da waƙar ke ciki gaba ɗaya saboda ta ga masu sharhi na ƙasashen waje sun yi ta zuba masa yabo. Da ta saurara, sauran waƙoƙin ba su yi mata komai ba. Ƙawarta ta ce mata ai masu sharhin nan burga kawai suke yi, suna yabon abin da su ma ba sa jin daɗinsa. Ita kuma tana so ta sani, kunnenta ne bai waye ba, ko kuwa ƙawarta ce da gaskiya?

Ƙanwata, kunnenki lafiyarsa lau, kuma ƙawarki ta yi wa masu sharhi rashin adalci. Na daɗe ina shirya shirin waƙoƙi a rediyo, ina kuma haɗa sauti a wani ɗan ƙaramin sitidiyo a Sabon Gari, kuma wannan saɓani tsakanin abin da aka rubuta a kan waƙa da abin da mutane suka ji a ransu ya sha zuwa gabana. A wannan kundin dalilin saɓanin a fili yake: abin da masu sharhi suka saurara da abin da miliyoyin mutane suka saurara ba abu ɗaya ba ne, ko da yake sunansu ɗaya.

Bari in fara da ita mawaƙiyar, don ba za ki gane yabon ba sai kin san inda ta fito. An haifi Mitski a Japan a 1990, mahaifiyarta 'yar Japan, mahaifinta Ba'amurke, kuma aikin mahaifin ya sa ta tashi tana yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan kafin ta zauna a Amurka. Kundayenta biyu na farko, na 2012 da na 2013, tana ɗalibar kiɗa a kwaleji ta yi su, ita ta fitar da su da kanta ba tare da wani kamfani ba. Irin waɗannan mawaƙa, masu rubuta waƙarsu da hannunsu, su rera da bakinsu, su fito ta ƙananan kamfanoni, su ake kira 'yan indi. Daga ƙarshen 2015 tana tare da wani ƙaramin kamfani mai suna Dead Oceans. A 2018 ta fitar da Be the Cowboy, wanda mujallar Pitchfork ta zaɓa a matsayin kundin da ya fi kowanne a shekarar. Ana tsakiyar wannan ɗaukaka, a 2019, ta ce ta gaji, ta dakatar da hawa dandamali, ta rufe shafukanta na sada zumunta. Tana can a ɓoye sai matasa a TikTok suka tono tsofaffin waƙoƙinta suka yi ta yaɗa su, har ta wayi gari da masoyan da ba su ma san ta lokacin da take yawon waƙa a ƙananan zauruka ba. Ta dawo a watan Fabrairun 2022 da Laurel Hell, kundi mai kiɗan na'ura irin na shekarun 1980, wanda ya shiga jerin Billboard, wato jadawalin kundayen da suka fi kasuwa a Amurka, a matsayi na 5. An yaba shi, amma yabon bai kai na baya zafi ba, kuma wasu tsofaffin masoyanta sun ji kamar ta yi shi ne da rabin zuciya.

To, kundin da kike magana a kai, The Land Is Inhospitable and So Are We, shi ne na bakwai, ya fito a watan Satumba na 2023. Waƙoƙi 11 ne, duka-duka minti 32 ko kusa da haka. Patrick Hyland, wanda ya daɗe yana haɗa mata sauti, shi ya haɗa shi, an ɗauki wani ɓangare a Nashville, garin da ya shahara da kiɗan kantiri, aka kuma shigo da cikakken ayarin makaɗa masu goge da busa, da mawaƙan amshi 17. Mai sharhin da ya zauna da wannan kundi yana ɗauke da duk tarihin nan a kansa. Ya san matar ta kusa barin waƙa. Ya san kundin da ya gabata ya bar mutane da shakka. Sai ga shi ta ajiye na'urorin, ta ɗauko jita da ganga da muryoyin mutane, ta yi waƙa a natse kamar wadda ta daina gudu. Rabin yabon da kika karanta daga nan ya taso. Ke kuwa da kika shigo ta ƙofar waƙa ɗaya, babu abin da ya ɗora miki wannan labarin, kuma babu wanda ya isa ya ce dole sai kin san shi kafin ki ji daɗin waƙa.

Yanzu ga waƙar taki. Ita ce ta bakwai a jerin, ba ta kai minti biyu da rabi ba, kuma ita ce mafi sauƙin kamawa a kundin baki ɗaya: fiyano a hankali, jitar nan mai ja kamar kuka, da murya ƙasa-ƙasa tana roƙon watan da ke sama ya riƙe mata soyayyarta bayan ta mutu, domin a ganinta ita kaɗai ce abin da ta mallaka a duniya. Wannan waƙa ita ce ta farko da Mitski ta taɓa shiga jerin Hot 100, wato waƙoƙi ɗari da suka fi tashe a Amurka, da ita, ta kai matsayi na 26, ta shiga goman farko a Birtaniya, kuma an saurare ta fiye da sau biliyan ɗaya a Spotify. Sauran waƙoƙi goman ba su ko kusanci wannan adadi ba. Ma'ana, yawancin mutanen duniya da suka san wannan kundi sun yi daidai abin da kika yi, sun ɗauki ɗaya sun bar goma. Da yawa ma ba su ji waƙar har ƙarshe ba, daƙiƙa ashirin ko talatin ɗin da ake ɗorawa a kan bidiyon jariri ko na amarya da ango kawai suka sani.

Akwai wani abu da mai sharhi ya ji wanda TikTok ba ya iya ba ki, kuma a nan nake so ki tsaya. An jera waƙoƙin ne da niyya. Ta biyar labarin wata ce da ta fita yawo da tsakar dare tana neman wanda zai karɓe mata ruhinta don ta huta, kuma tana ƙarewa da ganguna suna sukuwa har su kusa danne muryar. Ta shida gajeriya ce, mai hargowa, ƙahonni suna busa, a kan tunanin abubuwan da suka wuce da ke taruwa wa mutum har su tare masa hanya. Bayan wannan tashin hankali biyu a jere sai komai ya lafa, ta bakwai ta shigo. Wanda ya bi jerin, idan ya iso nan, yana jin an sauke masa kaya. Wanda ya ji ta ita kaɗai, daɗinta kawai yake ji, bai san daga wace wahala aka fito aka same ta ba. A wurinmu masu haɗa sauti wannan jeri aiki ne babba. Na sha ganin mawaƙi a sitidiyo ya kawo waƙoƙi takwas masu kyau, amma ya jera masu sanyi uku a wuri ɗaya, sai kundin ya mutu a tsakiya alhali babu waƙar da ta lalace. Mai sharhin kirki yana lura da wannan kamar yadda tela ke juya riga ya duba ɗinki ta ciki, mai rigar kuwa abin da ya dame ta shi ne ko ta zauna mata a jiki. Dukansu biyu rigar suke dubawa, kuma kowannensu yana da abin faɗa na gaskiya.

Sai kuma maganar kunnen da muka tashi da shi. Mu a ƙasar Hausa an yaye mu da waƙa mai amshi. Jagora ya ja baiti, 'yan amshi su karɓa, a maimaita, kalangu ko kotso yana riƙe da kari, waƙa ta yi tsawo har ta zauna a jikin mutum kafin ta ƙare. Waƙoƙin nanaye na fina-finai ma, duk da kiɗan na'ura, wannan tsarin suka gada. Mitski ba ta yin haka. Sau da yawa takan faɗi abin da za ta faɗa sau ɗaya ko biyu ta tsaya, waƙar ta ƙare a daidai lokacin da kunnen Bahaushe ke shirin fara amsawa. Ina ganin wannan ƙorafi ne na gaske, kuma ni kaina akwai waƙoƙi biyu a kundin da nake jin an tsinke su kafin su nuna. Ƙari a kan haka, rabin nauyin aikinta yana cikin kalmomi, Turanci ne na adabi, a dunƙule, kuma tana rerawa ba tare da ta buɗe baki sosai ba. Idan kina ji a cikin bas daga Samaru zuwa PZ, da hon da hayaniya da iyafis guda a kunne, baitukan za su wuce ki. Wanda aka ba shi baitukan Shata da harshen da bai ƙware a kai ba, shi ma kiɗan kawai zai ji, ya ce me ake yabo a nan?

Kada ki ɗauka ina cewa masu sharhi kullum su ne da gaskiya. Akwai misalin da ya juye, kuma shi ne hujja mafi ƙarfi da ƙawarki za ta iya kawowa. A ƙarshen Janairun 2012 mawaƙiyar Amurka Lana Del Rey ta fitar da kundinta Born to Die. Ita babban kamfani ne ya ɗauke ta, amma ta taso ne ta hanyar 'yan indi, kuma wannan shi ya jawo mata fushin masu sharhi. Makonni kaɗan kafin fitowar kundin ta rera waƙa a shirin talabijin na Saturday Night Live, aka yi ta yi mata ba'a. Aka tono cewa a da tana waƙa da sunan Lizzy Grant, aka yi ta gardama a kan ko ita ta ƙirƙiri kanta ko kamfani ne ya ƙera ta. Da kundin ya fito, da yawa daga masu rubutu wannan gardamar suka yi wa hukunci maimakon waƙoƙin. Pitchfork ta ba shi maki 5.5 cikin 10. Masu sauraro ba su kula ba: ya zo na ɗaya a Birtaniya, na biyu a Amurka, kuma ya shafe fiye da mako 500 a jerin kundaye 200 na Billboard. Mawaƙa mata da yawa da suka biyo baya sun tashi da salonsa. A 2021 Pitchfork ɗin da kanta ta koma ta sake duba wasu tsofaffin makinta, ta ɗaga wannan zuwa 7.8. Kusan shekara goma ya ɗauke su kafin su iso inda 'yan mata masu sauraro a ɗakunansu suka iso tun a watan farko.

Wannan ya kamata ya yi mana kama da wani abu na gida. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello, nan inda kike karatu, ta ba Mamman Shata digirin girmamawa. Kafin wannan rana ya yi shekaru masu yawa yana waƙa, kuma manoma da direbobi da 'yan kasuwa sun daɗe da yanke hukunci a kansa. Barmani Choge ma mata ne suka ɗaga ta a gidajen biki da kiɗan ƙwarya tun kafin ɗalibai su fara rubuta kundin digiri a kan waƙoƙinta. Hatimin masana yakan zo a makare. Amma idan ya zo yana da amfaninsa, domin shi ke sa a rubuta baituka, a adana faifai, a bayyana wa jikoki dalilin da ya sa kakanninsu suka so abin.

Me ke sa mai sharhi ya kauce? Babban dalili lokaci ne. Ana aiko masa da kundi kwanaki ko 'yan makonni kafin ya fito, dole rubutunsa ya fita a makon da kundin ya fita, in ba haka ba babu mai karantawa. Yana hukunci ne a kan abin da bai riga ya rayu da shi ba: bai ji shi ranar da ya yi rashi ba, bai ji shi a daren jarrabawa ba. Sannan sana'arsa ta sa ya ji dubban kundaye, don haka abin da ya saba wa al'ada yana burge shi fiye da kima, abin da ya bi hanyar da aka sani kuma yana gundurarsa, ko da an yi shi da kyau. Kuma masu sharhi suna karanta juna. Idan iska ta kaɗa wajen yabo ko wajen suka, ba kowa ke da ƙarfin halin tsayawa shi kaɗai ba. Akwai ma tsoro na zahiri: a 2024 mujallar Paste ta buga sharhin suka a kan wani kundin Taylor Swift ba tare da sunan marubucin ba, saboda barazanar da masoya suka taɓa yi wa wani marubucinta. Wannan abu yana ɓata min rai ƙwarai, domin duk ranar da mai sharhi ya ji tsoron faɗin abin da ya ji, mu masu karatu ne muka yi asara.

Su ma alƙaluman masu sauraro ki riƙa duba su da hankali. Shafin intanet na Metacritic yana tara makin jaridu da mujallu ya fitar da matsakaici cikin 100, wanda ke nufin kundin da kowa ya ce ba laifi zai iya yin maki ɗaya da wanda rabi suka haukace a kansa rabi suka tsane shi. Shafukan da jama'a ke ba da maki kuwa, waɗanda ke zuwa can su danna tauraro yawanci ko masoya ne na haƙiƙa ko masu jin haushi, mutum na tsakiya ba ya ɓata lokacinsa. Spotify yana ƙirga sauraro ɗaya da zarar waƙa ta yi daƙiƙa 30 tana tafiya, ko mai wayar yana kuka saboda ita, ko yana wanke-wanke bai ma san tana yi ba. Mu nan kuma ba a ma ƙirga mu yadda ya kamata. Spotify bai shigo Najeriya ba sai a 2021, kuma har yanzu waƙa da yawa a Zariya tana yawo ne ta Xender, ta WhatsApp, da ta hannun masu tura waƙa a memori a kasuwa. Yarinyar da ke Tudun Wada ta ji waƙa sau ɗari a wayarta babu data, babu jadawalin da ya san da ita.

Wani ɓangare na labarin da ke taɓa ni shi ne yadda ita Mitski take ji da irin wannan karɓuwa. A farkon 2022 an wallafa saƙonta tana roƙon masu zuwa kallonta da su rage ɗaukar wasan gaba ɗaya a waya, domin tana jin kamar ba sa tare da ita a zauren. Wasu masoyan suka yi mata caa, har aka goge saƙon. Mace ce da ke gina kundi a matsayin abu guda mai farko da ƙarshe, duniya kuma ta fi saninta da gutsure. Ban ga laifin wanda ya so gutsuren ba, shi ne ma ya kawo ki har kika nemi sauran. Amma ina ganin mai aikin ta cancanci a ba ta zama ɗaya cikakke kafin a yanke mata hukunci.

Ra'ayina a kan kundin, tunda kin tambayi wanda ya san harkar: yabon ya dace da shi, ko da yake ban kai shi inda wasu suka kai shi ba. Waƙar farko, wadda ke magana a kan mashayi da alkawuran da ya karya, tana tafiya da jita ɗaya da murya ɗaya, sai kwatsam mawaƙan amshin nan 17 su faɗo a kan kalma guda. Duk wanda ya tashi da jin 'yan amshi zai gane ƙarfin wannan nan take, kuma ita nake ba ki shawara ki fara komawa gare ta. Ta goma tana ƙarewa da haushin karnuka da kukan ƙwari na dare, an saka su a cikin kiɗan da gangan, kuma a matsayina na mai haɗa sauti na san wahalar sa irin wannan ya zauna ba tare da ya zama wasan yara ba. A ɗaya gefen, akwai wuraren da gogen ya yi yawa har ya lulluɓe muryar, kuma wasu jigogin, kamar shaye-shaye da cinikin ruhi, sun yi nesa da tarbiyyarmu. Tana kawo su ne a matsayin ciwo, ba ta tallata su, amma idan suka tsaya miki a rai kina da damar ki ce ba naki ba ne. Wannan ma hukunci ne na mai sauraro, kuma babu makin mujallar da zai soke shi.

Ga abin da za ki yi idan kina so ki gwada kunnenki da gaske. Ki samu dare ɗaya da ɗakin kwananku ya yi shiru, ki sa iyafis biyu, ki buɗe baitukan a gabanki, ki ji daga ta ɗaya zuwa ta goma sha ɗaya ba tsallake, ba taɓa waya. Minti 32 ne kawai. Kada ki karanta sharhin kowa kafin nan. Idan kin gama ki rubuta layi biyu ko uku na abin da kika ji, ko da a bayan littafin lacca ne, ki bar shi kwana biyu ki sake ji. Bayan haka sai ki koma ga masu sharhi, ki tsallake lambar da ke sama, ki karanta dalilansu. Mai sharhin da ya ce miki ki lura da abin da ganga ke yi a ƙarshen waƙa ta biyar ya ba ki abin da za ki iya gwadawa da kunnenki, ki yarda ko ki ƙi. Wanda ya cika shafi da kirari bai nuna miki komai a cikin kiɗan ba, ki wuce shi. Ki kuma ja ƙawarki ku yi tare, domin gardamarku za ta fi daɗi idan ku biyun kun ji abin da kuke gardama a kai.

Idan bayan wannan har yanzu ta bakwai ce kaɗai taki, ki riƙe ta, ki gwada kundinta na 2018. Waƙoƙi 14 ne a cikin kusan tsawon lokaci ɗaya, sun fi motsi, wasunsu ma na rawa ne, kuma a rediyo na lura masu sauraronmu sun fi saurin karɓarsu fiye da na 2023.